Fijo 504 wagon ta 1983: littafin aikin gareji

6 ga Janairu, 2024

Motar ta shigo gareji a kan igiya, a-kori-kura ce ta jawo ta. Fijo 504 ce, wagon mai layin kujeru uku, haɗin Kaduna, ta 1983. Kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa Fijo a 1975, bai kuma daina fitar da 504 ba sai tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da barinta. Amfanin haka ga mai gyara shi ne har gobe ana samun kayanta a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, sababbi da na gwangwan. Wahalarsa kuma, kowace 504 ta bi ta hannuwa da yawa, kowa ya sa mata abin da ya samu a bakin hanya. Shekarar da ke jikin takarda ba za ta gaya maka abin da ke cikin motar ba, sai ka buɗe ka gani.

Injinta XN1 ne, mai cc 1971, kafireto Solex, giya huɗu a ƙasa. Da aka zaro sandar auna baƙin mai, sai ga shi fari-fari kamar kunun gyaɗa, wato ruwa ya shiga. Babu tamostat. An yi wa fanka walda ta manne da fuli. Bayan motar ya zauna, an cusa guntayen tsohuwar taya tsakanin zobban sifirin don a ɗaga shi. Rana ta tsaga dashbod gida uku. Ƙasan ƙafar direba ya ruɓe, ana hango siminti.

Shawarar da aka yanke: a mayar da komai yadda kamfani ya yi shi, sai sauyi uku kaɗai. Giya biyar maimakon huɗu, wutar filogi ta lantarki maimakon kontak, da rile ga fitilun gaba. Fenti shi ne na ƙarshe. Duk wanda ya fara da fenti a irin wannan mota zai kankare shi daga baya.

13 ga Janairu

Kafin a kwance komai an auna matsin kowace silinda, filogi duka a waje, totur a buɗe. A kula, Fijo daga wajen filawil take fara ƙirga silinda, don haka ta ɗaya ita ce ta kusa da gilashi, ta huɗu ita ce ta kusa da lagireto. Wanda ya saba da motocin Japan yakan juya lissafin, ya jera wayoyin filogi a baibai.

A ma'aunin matsi na bar, ta 1 ta ba da 9.5, ta 2 ta ba da 6, ta 3 ta ba da 6.5, ta 4 ta ba da 9. Biyu maƙwabta sun faɗi tare, wannan gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. An zuba cokali ɗaya na baƙin mai a ta 2 aka sake aunawa, allura ba ta motsa sosai ba. Da ringi ne kaɗai matsalar, da matsin ya tashi.

Cire top silinda a wannan injin yana da ƙa'ida guda da ba a wasa da ita. Silindojinsa ba a jikin bulok aka huda su ba, silif ne guda huɗu da ake zurawa, ruwa na kewaye su kai tsaye. Idan ka ɗaga top ɗin sama ɗaya, gasket yakan manne ya ɗago silif tare da shi, datti ya faɗa ƙarƙashin mazauninsa. Sai a kwance kusoshi goman, daga gefe zuwa tsakiya, a cire shaf ɗin tafet da sandunan tura bawul, a jera su a kwali mai huda takwas yadda suka fito. Sannan a mayar da kusa ɗaya a kusurwa ba tare da ɗauri ba, a buga top ɗin gefe da guduma ta roba har ya saki gasket, kana a ɗaga. Nan take a danne silif ɗin da manyan washa da gajerun kusoshi. Kada a juya karanshaf ko kaɗan kafin a yi wannan.

Gasket ya ƙone daidai inda awo ya nuna. Ramukan ruwa na top ɗin sun cika da farin gishiri mai tauri, alamar ruwan rijiya aka yi shekaru ana zubawa. Aluminiyam ya cinye a bakin ramuka biyu.

27 ga Janairu

Inji ya sauka, an ware shi a kan benci. Metal na kwanrod na 3 ya ci har jan ƙarfe ya fito. Shaf ya yi zane da farce ke kamawa, don haka an kai wa masu wankin shaf, suka rage milimita 0.30, aka sayi metal mai wannan lamba.

Akwai wani abu a karanshaf na 504 da ake yawan tsallakewa. A jikin kowane hannun kwanrod akwai murfi mai zare da ya rufe wani kogo, inda juyawar shaf ke tara dattin mai. Da aka buɗe su, an tarar da baƙin laka ya daskare kamar kwalta, ya kusa toshe hanyar mai zuwa metal na 3. Ga dalilin cinsa ke nan. Wanda ya wanke shaf ya sa sabon metal bai buɗe waɗannan murafan ba, ya bar ciwon a ciki. Ƙurar dutsen wankin ma za ta ƙaru a kan tsohon lakan. An jiƙa shi kwana biyu a kananzir, an bi ramukan da ƙaramin buroshi da iska, an mayar da murafan an doke bakinsu da fanc don kada su warware.

Top silinda an ɗora masa rula ta ƙarfe, filageji (siririn ƙarfen auna tazara) na milimita 0.15 ya wuce a tsakiya. Abin da aka yarda da shi 0.05 ne. An cike ramukan da suka cinye da waldar aluminiyam, sannan aka share fuskar milimita 0.2. An roƙi mai injin kada ya wuce haka, domin duk abin da aka ƙara sharewa matsi yake ƙarawa, injin ya riƙa ƙara da fetur ɗin da ake samu a gidan mai.

Sarƙar taimin ta saki, an saya sabuwa da abin tamke ta.

10 ga Fabrairu

Yau aikin silif, kuma a nan ne gyaran injin 504 ke yin kyau ko ya lalace.

An sayi kit cikakke: silif huɗu, fistin huɗu na milimita 88, ringi da fin. Kowane fistin da silif ɗinsa aka haɗo shi, ba a musanya su. An sa musu lamba da alƙalamin fenti tun suna cikin kwali.

Silif dole ya ɗan fi fuskar bulok tsawo, kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Wannan ɗan tudun shi ne gasket ke matsewa ya rufe wuta a sama, shi ne kuma ke danne silif a kan mazauninsa ya rufe ruwa a ƙasa. Idan ya yi ƙasa, gasket zai ƙone ko ruwa ya zubo cikin kwanon baƙin mai. Idan ya yi sama da yawa, gasket ba zai kama bakin bulok ba, ruwa ya riƙa tsattsafowa ta gefe. Ana daidaita shi da siraran zobba da ake sawa a gindin silif, masu kauri daban-daban.

An fara da kankare mazaunin a cikin bulok. Tsatsa ta yi ɓawo a wurin, an bi ta da abin kankara mai faɗi a hankali, ba da injin gurza ba, don kada a ci ƙarfen. Sannan aka zura silif huɗun babu zobe, aka danne, aka ɗora agogon awo, aka auna kowanne a wuri huɗu: gaba, baya, dama, hagu. Na 1 da na 4 sun zauna daidai. Na 2 ya nuna bambancin 0.06 tsakanin dama da hagu, wato a karkace yake zaune. An ciro shi, aka tarar da ɗan ƙurjin tsatsa da bai fi ƙwayar gero ba a mazaunin. Da aka cire shi bambancin ya koma 0.02.

Da zobba, awon ƙarshe ya tsaya haka: 0.10, 0.09, 0.10, 0.11. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada maƙwabta biyu su bambanta da fiye da 0.04, domin mai tsawon zai ɗauke nauyin ɗauri ya bar gajeren babu matsi. Aikin ya ci wuni guda, an zura an zare silif ya fi sau goma. Da yawa sukan shafa gam a gindin silif su wuce, injin kuma ya tashi lafiya, ya yi wata huɗu ko biyar, sai ruwa ya dawo cikin mai a ce gasket ɗin jabu ne. Sau da yawa gasket ba shi da laifi. Agogon awo bai kai kuɗin gasket biyu da baƙin mai ba.

Sauran haɗin ya tafi ba tangarɗa. Kibiyar kan fistin ta kalli gaba. Bakunan ringi an raba su, ba a jera su layi ɗaya ba. Manyan metal biyar an ɗaure su Nm 75 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), kwanrod Nm 40, ana juya shaf da hannu bayan kowane ɗauri. Wasan shaf gaba da baya ya tsaya 0.12, tsakanin 0.08 da 0.20 ake so. Robobin gefen murfin metal na baya an shafa musu mai, an zura murfin tsakanin siraran faranti biyu da aka yanko daga gwangwani, don kada bakin bulok ya naɗe su. Nan ne yawancin yoyon bayan injin 504 ke farawa.

Top silinda: Nm 50 daga tsakiya zuwa waje, sannan a sassauta kowace kusa ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure Nm 20, a ƙara kwata ɗin zagaye, digiri 90.

24 ga Fabrairu

An kwashe kujeru da leda da kafet, an ɗaga bodi a kan jak huɗu da katako. Tsatsa ba ta yi yawa ba, wannan alherin busasshen yanayin Arewa ne. Wuri uku ne kawai: ƙasan direba, mazaunin batir inda ruwan batir ya zuba, da leɓen ƙasa na ƙofar but. Na ƙasan direba daga robar gilashin gaba ya samo asali. Ta bushe ta tsage, ruwan damina na bi ta bayan dashbod ya kwanta ƙarƙashin leda.

Abin da ya fi tsatsa damuwa shi ne tsaga. Motar ta yi lodi fiye da ƙima, mazaunin sifirin na baya ta dama ya tsage tsawon santimita 7, an taɓa cike shi da waldar tagulla ta kabaid. Tagulla ba ta haɗe ƙarfe, lulluɓe shi take yi, kuma walda ta lantarki ba ta kamawa a kanta. Sai da aka gurje ta duka har ƙarfe ya fito fari. An huda ramin milimita 3 a ƙarshen tsagar ta kowane ɓangare don ta daina tafiya, an buɗe bakinta, an yi walda, an ɗora faranti mai kaurin milimita 2 a kai, kusurwoyinsa a zagaye. Faranti mai kusurwa mai kaifi sabuwar tsaga yake haifarwa a gefensa.

Ƙasan direba an yanke har inda ƙarfe ke da lafiya, an sa faranti na milimita 1, baki da baki, ba a ɗora wani kan wani ba. Walda ɗigo-ɗigo, a yi nan a tsallaka can, a bari ya huce, in ba haka ba farantin zai yi tumbi. An cire tankin mai tun kafin a kunna injin walda. Janareto mai kVA 5 ya riƙe aikin. Ƙaramin da aka fara gwadawa yana nutsewa duk lokacin da waya ta taɓa ƙarfe.

9 ga Maris

An shafa firema mai hana tsatsa a duk inda aka yi walda, ciki da waje, an bi layin da gam na bodi. An rufe inji da leda, an toshe bakin kafireto da salansa da tsumma saboda ƙura da zanzaro. Aiki zai tsaya sai bayan azumi.

20 ga Afrilu

Ƙafafun baya. Wagon ba kamar salun ɗin Turai ba ce mai ƙafa kowace da kanta. Aksil ɗinta guda ne, sifirin huɗu, biyu kowane gefe, da sanda ɗaya a gicciye mai hana shi kaucewa. Da aka ciro sifirin aka jera su a ƙasa, na dama sun gaza na hagu da kusan santimita 2. An sauya huɗun gaba ɗaya. Sauya gefe ɗaya mota karkatacciya yake bayarwa. Bushin duka sababbi, amma ba a ƙarasa ɗaure kusoshinsu ba sai da mota ta sauka a kan tayoyinta. Bushin da aka ɗaure aksil na rataye a murɗe zai zauna, ba zai shekara ba.

Birki ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka zata. Kalifa na gaba fistin ɗaya ya kafe, an fitar da shi da iska, an sa katako a tsakani don kada ya yi tsalle. Jikinsa ya yi ramuka, an sauya shi. Fistin mai rami ko an goge shi zai yanka sabon sil. Faifan gaba biyu sababbi, tiyo na roba duka sababbi, masta an sauya. Baya diram ne, an sa sabon lainin da silindoji.

Akwai bawul a ƙarƙashin motar kusa da aksil, da ɗan sifirin da ke haɗa shi da ƙafar baya. Aikinsa ya rage ƙarfin birkin baya idan mota ba kaya, ya sake shi idan an yi lodi. A wannan motar an cire sifirin ɗin an ɗaure hannun bawul da waya a buɗe. Ga mai ɗaukar fasinja tara da buhuna kullum, ba zai ji bambanci ba. Amma mota ba kaya a kan kwalta mai ruwa, tayoyin baya za su riga na gaba kullewa, bayan motar ya juyo. An samo wani bawul a gwangwan, an wanke, an mayar da sifirinsa. Wannan ba wurin dabara ba ne.

Wajen fitar da iska an yi kuskure guda: an fara mota na kan jak, aksil na rataye, man birki ya ƙi zuwa baya. Bawul ɗin ne ya rufe, yana ganin mota ba nauyi. Da aka tallafe aksil da jak ya ɗauki nauyin motar, mai ya zo. DOT 4, lita ɗaya ta isa har da wanke layi.

11 ga Mayu

Giyabos. Na asali BA7 ne mai giya huɗu. Wanda zai maye gurbinsa BA7/5 ne da aka ciro daga 505, ɗan gida ɗaya, yana kama jikin injin ba tare da an huda komai ba. Ribar giya ta biyar a doguwar hanya take, irin Kano zuwa Kaduna, inda injin ke sauke ƙara da zafi da shan mai.

Matsalar tsawo ce. Mai biyar ya fi mai huɗu tsawo ta baya, farfelar 504 kuma a cikin bututu take, bututun ne ke tura motar daga aksil zuwa bayan giyabos. Don haka dole bututu da farfela su gajarta daidai da abin da giyabos ya ƙaru. Hanya mafi kyau ita ce a samo bututu da farfela na wagon da ta fito da giya biyar. An yi mako biyu ana nema ba a dace ba, sai aka ajiye giyabos biyun gefe da gefe, aka auna bambancin daga fuskar da ke kama inji zuwa fuskar baya, aka kai wa mai injin tanin ya yanke wannan adadin daga bututu da farfela.

Kafin a ɗora, an buɗe murfin giyabos an duba haƙora, an sauya sil na gaba da na baya. Man inji ake zuba wa BA7, haka Peugeot ta tsara shi. Man aksil mai kauri yana sa giya ta yi tauri da safe, yana kuma cin zobban tagulla. Aksil kuwa nasa 80W-90 ne. Kuloci sabo, milimita 215, faranti da mataki da boris. Ramin sandar giya a ƙasan mota an ɗan faɗaɗa shi ta baya.

Famfon kuloci na ƙasa ya ƙi sakin iska ta hanyar taka feda. An juya aikin: an cika babban sirinji da man birki, an haɗa da tiyo a bakin nonon famfon ƙasa, an tura man sama har ya fito a kofin. Minti biyar feda ta yi ƙarfi.

25 ga Mayu

Inji ya koma mazauninsa. Tafet an saita su inji na sanyi: bawul na shiga 0.10, na fita 0.25. Hanya mai sauƙi: idan na fita na silinda 1 ya buɗe sosai, a saita na shiga na 3 da na fita na 4. Na 3 ya buɗe, a saita shiga 4 da fita 2. Na 4, shiga 2 da fita 1. Na 2, shiga 1 da fita 3. Filogi 0.6. Robobin bututun filogi a murfin tafet an sa sababbi, su ne ke barin mai ya taru a ramin filogi har wuta ta riƙa tsalle.

Sai ɓangaren sanyaya inji, wanda shi ne ya kashe shi tun farko. Lagireto an kai an buɗe, an zuge bututunsa, kusan kashi ɗaya cikin uku a toshe suke. Famfon ruwa sabo. An mayar da tamostat mai buɗewa a digiri 75. Ana yawan cewa ƙasar zafi ba ta buƙatarsa, wannan kuskure ne da ya ci injuna da yawa. Injin da ba tamostat yakan daɗe bai yi ɗumi ba, musamman da asubahin hunturu, fetur na wanke mai daga jikin silif, ringi na ci. Idan mota na zafi da tamostat mai lafiya, a duba lagireto da fanka da taimin. Cire shi ɓoye ciwon kawai yake yi na ɗan lokaci.

Fankar 504 ta asali da maganaɗisu take kamawa. Akwai suwic a jikin lagireto, idan ruwa ya yi zafi sai ya tura wuta ta wani ɗan gawayi zuwa fuli, fanka ta kama. Ya huce, ta saki. Abin da ke lalacewa yawanci gawayin ne ko suwic, kayan kuɗi kaɗan, amma sai a yi mata walda. An samo wata, an sa sabon gawayi, an saita tazararta 0.3 da sukurori ukun da ke jikinta. Ruwa kusan lita 8: tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir (ba asid ba) da maganin hana tsatsa. Ruwan rijiya ko na burtsatse ba zai sake shiga injin nan ba.

An zuba baƙin mai 20W-50 lita 4, an cire filogi an yi kik har fitilar mai ta mutu, sannan aka mayar da su. Ya tashi a bugu na uku. An riƙe shi sama da silo minti ashirin. Fanka ta kama sau biyu ta saki. Ba kumfa a bakin lagireto, mai a sanda tas.

8 ga Yuni

Distirbuta ta 505 mai maganaɗisu ta shiga, da modul ɗinta da kwayil ɗinta. Kwayil ɗin kontak ba ya tafiya da ita. Modul an ɗaure shi a kan farantin aluminiyam da man ɗauke zafi a bayansa, nesa da salansa. Zafi ne ke kashe shi, kuma ba ya ba da sanarwa. Tsohuwar distirbuta, da kontak a saite 0.40, an naɗe ta a tsumma an ajiye a but. Taimin an fara da digiri 5 da fitilar taimin, tiyon iska a cire, aka matsa zuwa 8, inda silo ya fi kwanciya.

Fitilun gaba an auna: batir na ba da bolt 14.1 inji na aiki, a bakin ƙwai 11.6 ke isa. Sauran ya ɓace a tsohuwar waya da suwic ɗin sitiyari, wanda ke ɗumi a hannu. An sa rile biyu kusa da batir, ɗaya na doguwa ɗaya na gajeriya, kowanne da fiyus na amfiya 15 da waya mai kaurin 2.5. Tsohuwar wayar yanzu rile kawai take tayarwa. Awo ya koma 13.7. Fiyus uku a akwati an tarar da su naɗe da zaren waya, an sauya.

29 ga Yuni

Gwajin hanya na farko, kilomita 60. Zafi bai wuce tsakiya ba, birki na tsayawa a miƙe. Amma daga kilomita 80 a awa wata girgiza na tasowa daga ƙarƙashin kujera, tana ƙaruwa da gudu, ba ta damu da wace giya ake ciki ba, ko an taka kuloci tana nan. Wannan ya nuna ba laifin inji ba ne. An musanya tayoyin gaba da na baya, ba ta sauya ba. Saura farfela.

An sauke bututu, an ɗora farfelar a kan ƙarfe biyu masu bakin V, an juya ta ƙarƙashin agogon awo: 0.9 a wurin waldar. Ta karkace lokacin da walda ke hucewa, kuma laifin na nan gareji ne, da ba a auna ta ba kafin a ɗora. Boris na tsakiyar bututu har ya fara ɗumi. An mayar, aka yanke, aka zura ɗan ƙarfe a ciki ya riƙe bakunan biyu a layi, aka yi walda kaɗan-kaɗan ana juyawa a kan injin tanin. Yanzu 0.15. An sa sabon boris da giris. Girgiza ta tafi har kilomita 110.

20 ga Yuli

Ta cika kilomita 1,000. An bar ta ta kwana, da safe inji na sanyi aka sake ɗaurin top: kusa ɗaya a lokaci guda, a sassauta, Nm 20, digiri 90, a wuce ta gaba bisa jeri. An sake saita tafet, domin ɗaurin yakan matse su. Na shiga biyu sun koma ƙasa da 0.05. An zubar da mai da filta. Matsi yanzu bar 10.5 zuwa 11 ne a duka huɗun.

Ɗigon mai ɗaya na fitowa a murfin taimin, bai kai a buɗe ba tukuna, an sa kwali a ƙasa ana lura.

17 ga Agusta

An kankare bodi har ƙarfe a bonet da rufi, inda rana ta dafa tsohon fenti. A ƙofar baya ta hagu an tarar da fila mai kaurin yatsa. An fitar da ita, falbita ya buga ƙarfen ya dawo, abin da aka shafa yanzu bai kai milimita 2 ba. Sandfefa 80, sannan 180, firema mai ifoksi hannu biyu, sannan 320.

Fentin gamawa zai jira. Iskar Agusta ta yi laima, fenti yakan yi hazo ya ƙi sheƙi, in kuma aka kai Nuwamba ƙurar hunturu za ta kwanta a kai. Tsakiyar Oktoba ake hari, da safe, a yayyafa wa ƙasan gareji ruwa, a rufe ƙofa da leda. Fenti mai hadina (sinadarin da ke sa shi tauri) ne, biyu da ɗaya, kuma takunkumin tsumma ba ya tare gubarsa, sai mai turo iska mai tsabta daga waje, gareji kuma da fankar jan iska. Kalar fari mai ɗan ruwan madara, irin wadda ta rage a cikin murfin tanki.

Kafin nan: robar gilashin gaba da ta but, dashbod da aka samo yana jiran wanki, ɗinkin kujerun layi na uku, da sil ɗin murfin taimin idan ɗigon ya ƙaru.